Dasashi Ba Bakin Zani Ba Ne

Saura mako shida bikinta, ɗiyar yayana ta same ni a gida a Badariya, ta miƙo mini waya. "Gwaggo, don Allah dubi wannan." Bidiyon wata budurwa ce kwance a kujerar likitan haƙori, ana bin dasashinta da tsinken haske ana datsewa. Da ta tashi sai haƙoran suka yi zara-zara. Wai ita ma so take a tsakuro daga kuɗin kayan ɗakinta ta je Abuja a yi mata, domin idan ta yi dariya dasashinta yana fitowa. Yarinyar da tun tana goye muke yi mata wasa don mu ga dariyar nan, yau ita ce ke rufe baki da gefen mayafi.

Wa ya gaya mata tana da aibu? Ba uwarta ba, ba angon ba. TikTok da Instagram ne, inda mai sayar da magani ke fara ƙirƙiro cutar kafin ya buɗe jakarsa. A ƙasar da ake yi wa wushirya kirari, ake yabon baƙin dasashi, yanzu har tallar kankare baƙin da na'urar lesa ake turo wa 'ya'yanmu, kamar bilicin ɗin fata bai ishe mu masifa ba.

Ga abin da bidiyon daƙiƙa talatin ba ya faɗa. Lesa tana yanka nama tana ƙona bakin ciwon a lokaci guda, shi ya sa jini ba ya zuba sosai, aikin ya yi kama da kwalliya. Amma tiyata ce. Dasashi shi ne katangar da ke rufe saiwar haƙori da ƙashin da ke riƙe da ita. Idan aka zarce wurin yanka, saiwa ta fito fili, ruwan sanyi da shayi su zama azaba, kuma naman da ya tafi ba ya dawowa sai an yi dashe. Wani lokaci ma matsalar ba daga dasashin take ba, daga leɓe ne ko ƙashin muƙamuƙi, sai a yanke lafiyayyen nama a banza. Tela idan ya ɓata bakin zani a sayi wani. Wannan fa?

Kada a ce na ƙi ilimi. Akwai waɗanda wannan aiki lalura ne a gare su. Maganin farfaɗiya irin su phenytoin, da wasu magungunan hawan jini irin su nifedipine, suna sa dasashi ya yi tsiro har ya hau kan haƙora, abinci ya riƙa maƙalewa. Irin wannan mutum ya je wurin likitan haƙori mai rajista da hukumar MDCN, a duba shi, a yi masa. Faɗana da masu mayar da tiyata kayan lefe ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wane dasashi muka zaɓa mu damu da shi. A yankinmu na Kabi da Sakkwato akwai cutar noma, wadda mutanen karkara kan kira ciwon iska. Da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki take farawa, galibi a yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da yunwa, ko waɗanda ƙyanda ta raunana. Cikin 'yan kwanaki sai ta ci kunci da leɓe da hanci. Idan ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 suna mutuwa. Alhali a matakin farko wanke baki, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Tun 1999 akwai asibitin noma a Sakkwato, ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa masa tun 2014, kuma daga ƙauyukanmu ake kai yara can a gyara musu fuska. Sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. Sau nawa kika ga bidiyon wannan a wayarki?

Na san fasa tafiyar amarya ɗaya ba zai ciyar da yaro a bayan Argungu ba. Amma hankalin jama'a ma dukiya ce, kuma mun zuba namu inda ba ya haihuwa. Ya kamata duk ma'aikacin ƙaramin asibiti a jihar nan ya riƙa buɗe bakin kowane yaron da aka kawo awo, unguwarzoma da wanzami su san alamomin, masu dubban mabiya a waya su ba wannan magana ko minti ɗaya.

Ɗiyar yayana na raka ta sashen haƙori a nan Birnin Kebbi. Aka duba, aka wanke mata dattin da ya daskare, aka ce dasashinta lafiya lau. Ba ta gama huce haushina ba, amma kuɗin suna nan a kayan ɗaki. Ke da ke karanta wannan, ajiye wayar, kira ƙaramin yaron gidanku, ki ɗaga leɓensa ki duba. Idan kin ga jini ko kumburi, asibiti yau, ba gobe ba.