Duniyar Masu Hikima: Ƙwayar Fenti Guda Dutse Ce a Ƙasar Ƙananan Jirage

A ƙauyen Long Wittenham, kusa da birnin Oxford na Ingila, akwai wani gidan tarihi da ake kira Pendon, wanda aka kafa a 1954. Abin da ke ciki shi ne karkarar Ingila ta shekarun 1920 da 1930, an ƙanƙanta ta sau 76, da gonakinta da gidajenta masu jinka, ga kuma jiragen ƙasa 'yan mitsi-mitsi suna ratsa ta da ƙarfin lantarki. Wanda ya fara aikin, Roye England, haifaffen Ostareliya ne. Da ya ga ana ta sake wa tsofaffin gidajen yankin kama, sai ya ƙudura niyyar adana siffarsu. Da kwali yake gina gida, sa'an nan ya bi tubalan bango ɗaya bayan ɗaya da siririn buroshi yana ba kowanne launinsa. Jinka kuwa har da gashin mutum aka yi ta. Gida guda yakan ci watanni, har ya rasu a 1995 aikin bai ƙare ba.

Wannan sha'awa ta gina ƙananan jiragen ƙasa ta kwaikwayo tana da mabiya masu yawa a Ingila da Jamus da Amurka da Japan. A birnin Hamburg na Jamus ma akwai Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, inda tsawon ɗan layin dogon da aka shimfiɗa ya haura kilomita 15. Amma masu abin sun san jirgin shi ne mai sauƙi, gama a kanti ake sayensa. Wahalar tana ga ƙasar da zai bi: duwatsu, da hanyar kwalta, da dakalin tasha, da gindin gada. Katako da roba da kwali duk sulɓi gare su, alhali kuwa ba a taɓa ganin dutse ko siminti mai sulɓi kamar madubi ba.

A nan ne fentin feshi mai kaushi ya shigo. Wani ɗan Norwe, Erik Rotheim, shi ya sami rajistar gwangwanin feshi, kana a 1949 Edward Seymour na Jihar Illinois ta Amurka ya zuba fenti a cikinsa. Daga baya kamfanoni irin su Rust-Oleum da Krylon suka fito da wanda ke bushewa da kaushi. Iri biyu ne suka fi amfani. Na farko yana ɗauke da gari mai laushi, in ya bushe sai ya yi kamar sanfefa. Na biyu yana fitar da ɗigo-ɗigon launi biyu ko uku waɗanda ba su gauraya da juna, sai abin ya yi dabbare-dabbare kamar fasasshen dutse. Ke nan abin da ya ci wa Roye England makonni, ga alama gwangwani zai yi shi cikin minti guda.

To, amma fa akwai wani hanzari. Ba don ƙananan jirage aka yi wannan fenti ba, an yi shi ne domin tukwanen furanni da kujerun lambu, watau abubuwan da ke da cikakken girmansu. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya, wanda ake kira HO, kashi 1 ne cikin 87. Na Ingila, watau OO, kashi 1 cikin 76, shi kuwa N kashi 1 cikin 160. A ma'aunin HO, mutum mai tsawon mita 1.74 santimita 2 kacal ne. Saboda haka ƙwayar fenti mai kaurin milimita 1 daidai take da dutse mai santimita 8.7, kamar babban lemo. A ma'aunin N kuwa ta kai santimita 16, dutsen da sai an sa hannu biyu za a ɗauka. Wanda ya fesa irin wannan a kan hanyar mota, to ya gina hanyar da ko jaki sai ya yi tuntuɓe.

Lissafin bai tsaya nan ba. Tsakuwar da ake zubawa a ƙarƙashin dogo na gaske takan kai santimita 3 zuwa 6, watau wajen rabin milimita a HO. Tsakuwar cikin kwalta mai santimita 1 kuwa ba ta wuce kaurin silin gashi da kome ba. Haka ma layin simintin da ke tsakanin tubali da tubali, wanda fenti mai kauri zai cike shi ɗungum, bangon ya koma kamar an yi masa yaɓe. Har wa yau, mai kallon da ya tsaya mita 1 daga teburin, tamkar wanda ya hango abin ne daga mita 87, kusan tsawon filin ƙwallo. Daga wannan nisa babu mai ganin tsakuwar kwalta. Abin da ido ke kamawa shi ne rashin ƙyalli da bambancin launi.

Saboda haka gwanayen abin suka raba wa kowane fenti wurinsa. Mai dabbare-dabbare ya dace da fuskar dutsen da aka fasa don dogo ya wuce, da bakin kogi, da filin da ake jibge tsakuwa. Mai laushi ya dace da dakalin siminti, da ginshiƙin gada, da rufin ɗaki da aka shafe da kwalta. Ita hanyar mota sau da yawa fentin share fage mai ruwan toka ya ishe ta, in an fesa shi daga nesa kaɗan yadda zai sauka da ɗan bushewa. In kaushin ya yi yawa, sai a bari ya bushe sarai, a bi shi da sanfefa mai laushi.

Wurin da aka fi yin kuka shi ne wajen tuddai. Yawancinsu da soson roba ake sassaƙa su, dangin farin nan da ake tallafe firiji ko rediyo da shi a cikin kwali, wanda ake kira folistarin. Fentin feshi da yawa kuwa yana ɗauke da sinadarai masu narkarwa irin su asiton, watau abin da mata ke goge jan farce da shi. Da zarar sun taɓa soson sai ya zagwanye kamar gishiri a ruwa, tudun da aka yi wata ana sassaƙawa ya zama rami kafin a ajiye gwangwanin. Rigakafin shi ne a fara rufe soson da filasta, ko farin gam na kafintoci, ko fentin ruwa shafi biyu, a tabbata ba a bar ko ɗan gurbi ba, sa'an nan a bar shi ya bushe.

Haɗari na biyu yana kan dogon kansa. Ta cikin ƙarafan nan biyu wutar lantarki ke bi ta isa injin jirgi, don haka fenti ya hau su, jirgi ya tsaya cik. In garin ya shiga mahaɗar dogo ko haƙoran inji, gyaran ya fi haka wuya. Dabarar ita ce a rufe dogon da salatif na takarda, ko kuma, wanda ya fi, a yi feshin a waje kafin a ɗora abin a kan tebur. Yin haka yana kare mai aikin ma, gama iskar da ke tura fentin dangin gas ɗin girki ce, tana kama wuta, tururin kuma yana cutar da huhu. Lalle ne a sa takunkumin da aka yi domin feshi, a nisanci wuta da rufaffen ɗaki.

Shi feshin kansa yana da ladabi. A girgiza gwangwani minti 1 ko 2, domin garin yakan kwanta a ƙasa. A riƙe shi santimita 25 zuwa 30 daga aikin, hannu yana tafiya, a yi shafi marar kauri sau biyu ko uku maimakon a malala shi sau guda. In aka matso ƙwarai sai ya taru ya zubo, in aka yi nisa ainun sai ya sauka kamar ƙura, ya ƙi kamawa.

Ko bayan wannan duka, an yi rabin aiki ne kawai. Launin da ya fito daga gwangwani iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ita kuwa ƙasa ba haka Allah Ya yi ta ba. John Allen na Kalifoniya, wanda ya rasu a 1973, ya yi suna ne wajen nuna wa masu wannan sha'awa yadda ake tsufar da abu, a sa masa tsatsa da ƙura da zanen ruwan sama. A nan ne amfanin kaushin ke bayyana. Akan tsinka baƙin fenti ko ruwan ƙasa ya yi ruwa-ruwa a kwarara, ya shige ramuka ya zauna, kana a ɗauki buroshi da aka goge fentinsa har ya kusa bushewa, a shafi saman ƙwayoyin da launi mai haske. A jikin abu mai sulɓi duk wannan ba ya kamawa.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Mai karatun da ke sha'awar gwadawa, ko ɗalibin zanen gine-gine da ke haɗa samfurin gida da kwali, yana iya auna aikinsa ba da kashe ko kwabo ba. Ya fesa fentin a kan guntun abin da ya yi aikin da shi, ya bari ya kwana, ya tsayar da ɗan mutum-mutumi mai santimita 2 a kai, sa'an nan ya kwantar da wayarsa daidai tsayin idon mutumin ya ɗauki hoto. In ƙwayoyin sun kai masa idon sawu a wurin da aka ce kwalta ce, to gwangwanin nan na duwatsu ne, sai a nemo wa hanya wani.