Kudan, Makarfi da Ikara: a mai da wasan kwaikwayo makamin kiwon lafiya

Duk ma'aikaciyar da ta taɓa bin gida-gida da akwatin rigakafi ta san maigidan da ya hana ta shiga ya riga ya ji sanarwa a rediyo, ya ji a bakin mai unguwa. Zuciyarsa ce ba ta kwanta ba. Ni kuwa a ganina babu abin da ke kwantar da zuciyar Bahaushe kamar labari.

Mu mutanen ƙasar Zazzau ba baƙin wannan dabara ba ne. Tun wajajen ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ke fita daga Samaru zuwa garuruwa irin su Soba da Bomo, su zauna da manoma su ji damuwarsu, sannan a mai da ita wasa a dandali, 'yan kallo na tsoma baki. A 2006 kuma gidajen rediyo a Kano da Kaduna suka watsa Gugar Goge, wasan da ya ɗauko maganar yoyon fitsari daga ƙuryar ɗaki ya kai ta teburin mai shayi.

Sirrin abin shi ne, mutum ba ya son a nuna shi da yatsa. Ka ce wa magidanci ya yi sakaci da iyalinsa, sai ya kafe. Amma nuna masa wani a wasa: matar na naƙuda kwana biyu, uwar miji na cewa a ƙara jiƙo, mai babur na jira a ƙofar gida, mijin na lissafin kuɗin taki. Da bakinsa zai ce, "Haba malam, kai ta asibiti mana!" Ya yanke wa kansa hukunci ke nan, ba tare da an kunyata shi ba.

Buƙatar kuwa tana nan. Jita-jitar da ta sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003 ba ta mutu ba, kuma mashaƙon da ya addabi Arewa a 2023 ya fi kama yaran da ba a yi wa allura ba.

Damuwata ita ce yawancin irin waɗannan shirye-shirye kuɗin ƙasashen waje ne ke ɗaukar nauyinsu. Da Amurka ta rufe hukumar USAID a 2025, an ga yadda ayyukan lafiya da dama suka tsaya cak. Alhali muna da namu kayan aikin: 'yan tashe da azumi, makaɗa, 'yan kama, da matasan da ke haɗa gajerun fina-finai da wayar hannu. Kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris tana Makarfi. Ɗalibanta za su iya tace bayanin kowane wasa, malaman addini su duba, a buga shi ranar kasuwa a Hunkuyi ko Likoro.

Sharaɗi ɗaya ne: kada wasa ya tura mace awon ciki ta tarar babu ma'aikaci, babu magani. In aka yi haka sau ɗaya, an kashe labarin.

Ya ku shugabannin ƙananan hukumomin nan uku da hakimanmu, ku ware wa wannan aiki kaso a kasafin kuɗi mai zuwa, ku kuma gyara asibitocin da zai turo wa jama'a.