Injin Yankan Citta: Me Ya Sa Mai Buhu Biyu Zai Jira Mai Buhu Talatin?

An fara haƙar citta, rigimar bara kuma ta dawo: wa zai fara hawa injin yanka na ƙungiya?

Tsarin da ake bi yanzu, wai mai buhuna da yawa shi ke farawa, zalunci ne, kuma asara ce. Da safe wuƙaƙen injin nan na da kaifi. Duk buhun da ya wuce, da ƙasar da ke manne a jikin cittar, sai ya rage kaifin. Kafin azahar inji ya ɗau zafi, bel ya saki, aiki ya yi nauyi, mai kuma ya ƙara tafiya. A lokacin ne ake kiran baiwar Allah mai buhu biyu, wadda ta wuni a rana tana jira. Injin ya dagargaza mata citta maimakon ya tsaga, ga rana ta yi sanyi ba halin shanya, mai saye daga Kafanchan ko Kachia ya gani ya karya farashi.

A juya layin mana! Idan ƙananan ayyuka suka fara, mutum goma sun tafi shanya tun da hantsi, mai buhu talatin ɗan jira kaɗan ne ya ƙaru masa. Idan shi ya fara, goman nan duk sai sun zauna har ya gama.

Cutar da ta cinye gonakin citta a Jaba, Kachia da Kagarko a 2023, da cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, ƙaramin manomi suka fi kayarwa. Shi ne kuma muke turawa ƙarshen layi.

Masu cewa tsayar da inji don wasa wuƙa ɓata lokaci ne, ina suke bara da ya tsaya cak tsakiyar aiki, muka yi ta jiran makaniki citta na ruɓewa a buhu?

A taro mai zuwa a rubuta: a wanke citta kafin a kawo, a tsaya wasa wuƙa kullum da azahar, manyan ayyuka su biyo bayan wasawar, a kuma ware kuɗin gyara daga kowane buhu, ma'aji ya riƙa karanta lissafin a gaban kowa.