Lungun Ƙwaƙwalwa da ke Tayar da Ɓera, Ya Kuma Tsayar da Shi

 Sharhinmu na yau a kan ɓera ne, da wani lungu da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwarsa, wanda mu ma muke da irinsa.

Likitoci na kiran wurin basal gangiliya. A shekarar 2010, masu bincike a cibiyar Gladstone da ke San Faransisko a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Anatol Kreitzer, suka zura wa ɓeraye siririyar wayar gilashi ta ƙoƙon kai har cikin wannan lungu. Da ma sun riga sun sa wa wasu ƙwayoyin wurin wani sinadari da aka samo daga gansakuka, wanda ke sa ƙwaya ta zabura da zarar shuɗin haske ya taɓa ta. Ƙwayoyin kuwa gida biyu ne. In aka haska gida na farko, sai ɓera ya kasa zama, ya yi ta kai da kawowa a cikin akwati. In aka haska na biyu, sai tafiyarsa ta yi nauyi, ya riƙa ƙamewa wuri guda. Ƙafafunsa lafiya lau, ba inda ke masa ciwo, tashin ne kawai ya gagara. A kashe hasken, ya ci gaba da sha'aninsa.

Sai suka ɗauko ɓerayen da aka lalata musu jijiyoyin da ke kai sinadarin dofamin zuwa wurin, wato irin ɓarnar da cutar Fakinsan ke yi wa mutum. Da aka haska gida na farko, sai ga su sun miƙe suna yawo.

Nan da nan kowa ya ce magana ta fito fili: ga totur, ga birki. To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. A 2012 masu binciken nan suka sa ɓera a akwati mai maɓallai biyu, ɗaya na kunna hasken, ɗayan ba ya yin komai. Ɓeran da hasken ke taɓa masa gida na farko ya liƙe wa maɓallin nan, yana ta komawa, ba don abinci ko ruwa ba, shi dai a kunna. Wanda ake taɓa wa gida na biyu kuwa, ya ɗan gwada sai ya riƙa ƙaurace masa. Ashe wurin da ke ba ƙafa izinin tashi yana da hannu wajen koya wa dabba abin da za ta maimaita da abin da za ta bari. A ganina wannan gwaji ya fi na farko nauyi, ko da yake bai kai shi amo ba.

Shekara guda bayan haka, Rui Costa da abokan aikinsa suka bar ɓera yana harkarsa, ba su tursasa wa ƙwayoyin ba, suka dai sa ido a kansu. Sai suka ga gidajen biyu suna farkawa tare, daidai lokacin da zai soma motsi. Fassarar da masana da dama suka karkata gare ta ita ce, ɗaya na buɗe wa motsin da aka zaɓa hanya, ɗayan na danne sauran da ke neman yin katsalandan. Har yanzu ana tafka muhawara a kai.

Me ya kai mu ga wannan magana a rediyo? Mai cutar Fakinsan yakan zo bakin ƙofa ya toge, kuma iyali su ɗauka gardama ce ko rigimar tsufa. Ba gardama ba ce. Umarnin tashin ne ya maƙale a wannan lungu. Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ba a cika faɗa ba. Wasu magungunan cutar masu kwaikwayon aikin dofamin, irin su firamifezol, sukan sassauta jiki, amma a wasu marasa lafiya sukan tayar da kwaɗayin caca, ko sayayya ba kan gado, ko cin abinci ba ƙoshi. Dattijon da aka sani da kamun kai, sai a wayi gari yana watsi da kuɗi. Wanda ya ga haka a gidansa, kada ya tsaya ga faɗa, kada kuma a yanke maganin kai tsaye. A koma wa likita a gaya masa, domin sau da yawa rage maganin ko sauya shi na kwantar da abin.

Kada dai a ji labarin haske a zaci magani ya iso. Dabarar na bukatar a sauya wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa halitta tukuna, kuma ɓera ba mutum ba ne. Abin da ake yi wa mutane shi ne dasa wayar lantarki a wani ɓangare na wannan lungu, aikin da Alim-Louis Benabid ya soma a birnin Giranobul na Faransa a 1993, kuma ba kowane mara lafiya ne ya dace da shi ba.