Wanda Ya Juyo Daga Rabin Dutse Bai Kasa Ba

Mu da muka haura shekara arba'in mun san ranar da jiki ya fara yi mana gardama. Gwiwa na ƙara idan an miƙe daga tabarma, numfashi na sarƙewa a matakalar bene, likita kuma ya fara ambaton hawan jini. A wannan matakin ne wasu daga cikinmu ke saɓa jakar goyo su nufi duwatsu, sai a bi su da dariya, wai girma ya kama su amma sun ƙi zama. Mu dai muna ganin sun yi daidai, matuƙar sun koyi sanin lokacin da ya kamata su juyo.

Mu dubi Yuichiro Miura, mutumin Japan. Ya yi suna a wasan sulu kan ƙanƙara tun yana matashi, daga baya ya saki jiki, ƙiba ta kama shi bayan ya wuce sittin. Sai ya koma yawo a titi da nauyi ɗaure a ƙafafu da jaka a baya. A 2003, yana da shekara 70, ya hau Eberest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya. An yi masa aikin zuciya, ya sake hawa a 2008. Ya karye a ƙugu a 2009, amma ya koma ƙololuwar a 2013 yana ɗan shekara 80. Abin da ya fi burge mu ya faru ne a 2019, a dutsen Akonkaguwa na Ajantina. Likitarsa ta ce ya tsaya, shi kuwa ya ji magana, ya sauko bai kai ba.

Wannan juyowa hankali ce, domin dutse ba ya sanin niyyar mai hawa. Daga wajen mita 2,500 iska kan fara yin ƙaranci, sai ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci su biyo baya. Idan abin ya tsananta, ruwa na iya taruwa a huhu, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma babban maganinsa shi ne a sauko. Shi ya sa jagororin Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsawon mita 5,895, ke hana baƙi sauri, suna raba hawan zuwa kwanaki. Da ma Bahaushe ya ce sannu ba ta hana zuwa.

Akwai masu cewa magidanci mai iyali ba shi da hurumin jefa kansa cikin haɗari. Gaskiya ne, kuma ba mu yarda da ganganci ba. Sai dai zaman kujera daga safe zuwa dare shi ma haɗari ne, wanda ke cin mutum a ɓoye har ya kwantar da shi a hannun iyalin nan da yake tsoron bari.

Don haka mai sha'awa ya fara da ganin likita, musamman in yana da ciwon zuciya ko sukari. Ya soma da tudun da ke kusa da shi, kamar Dala a Kano ko Kufena a Zariya, da jaka mara nauyi da isasshen ruwa. Ya riƙe sanda, domin gangarowa ta fi hawa cin gwiwa. Kada ya tafi shi kaɗai, kuma ya sanar da gida lokacin dawowarsa.

Ku kuma matasan gida, idan mahaifinku ya dawo yana ɗingishi bai kai sama ba, ku yi masa sannu da zuwa, mako mai zuwa ku riƙe masa jakar ku raka shi. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.