Allon Gwaji Ba Kayan Ado Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai da malamai, akwai wani ɗan allo na lantarki wanda ya kamata a ce kowane mai koyon aikin malanta ya taɓa shi da hannunsa kafin ya bar kwaleji. Girmansa bai wuce tafin hannu ba. A tsakiyarsa akwai 'yar ƙwaƙwalwa irin ta kwamfuta, a gefensa kuwa ga ramuka jere inda a ke cusa waya. In ka rubuta masa umurni a kwamfuta ka tura masa ta igiyar USB, sai ya riƙe, ya yi ta aikatawa muddin akwai wuta jikinsa: ya kunna fitila, ya auna zafi, ya kaɗa ƙararrawa in tankin ruwa ya cika.

Wanda ya fi suna cikinsu shi ne Arduino. An fara shi a 2005 a garin Ivrea na ƙasar Italiya, a wata makarantar koyon zayyana, don ɗalibai waɗanda ba injiniyoyi ba ne. Samfurinsa da a ke kira Uno ya fito a 2010, yana da ramuka 14 na kunnawa da kashewa, da 6 na awo, yana aiki da bolt 5. A Birtaniya kuwa, cikin 2016, BBC ta raba wani allo mai suna micro:bit kyauta ga yara 'yan shekara 11 zuwa 12, wajen miliyan ɗaya. Shi yana da 'yan fitilu 25 da maɓallai biyu. Sa'an nan ga Raspberry Pi Pico, wanda aka fito da shi a 2021 a kan dala 4. Kun ga ke nan abin da aka ba yaran firamare da na farkon sakandare a wata ƙasa, bai kyautu a ce malamin gobe a tamu ƙasar bai san ko kamarsa ba.

To, amma ba sayen allon ne muhimmin abu a gare ni ba. Abin da na ke so mu duba shi ne abin da za a yi da shi bayan an saya. Mun san halinmu da kayan kimiyya: a kulle cikin kabad, mabuɗi na aljihun mutum ɗaya, ba a fito da su sai ranar da baƙi za su zo. Wani ɗalibin kuma ya kan kwafo umurni daga intanet, ko ya ba wani kuɗi ya haɗa masa, ya kawo abu yana walƙiya, a ba shi maki, alhali in waya ɗaya ta zare bai san inda za ta koma ba. Wannan ba ilmi ba ne, kwalliya ce.

Amfanin allon nan na gaskiya ba ya fitowa sai ran da ya ƙi aiki. Ga misali. Darasin farko shi ne a sa 'yar fitila ta riƙa ƙyaftawa. Ɗalibi ya haɗa, fitila ta ƙi kamawa. Me zai yi? Mara haƙuri sai ya tumɓuke wayoyin duka, ya ce allon ne ya lalace. Wanda aka koya wa aiki kuwa, sai ya bi sawu ɗaya bayan ɗaya. Da fari ya ɗauki mita ya auna, wuta na shiga kuwa? Sa'an nan ya duba ƙafafun fitilar, zama irin wannan fitila wuta ba ta ratsa ta sai ta fuska ɗaya, doguwar ƙafa ita ce ta wajen shigar wuta. Ya duba ko ya sa rizisto, watau ɗan abin nan mai rage gudun wuta, don in babu shi fitilar na iya ƙonewa. Ya duba ko lambar ramin da ya rubuta cikin umurni ita ce ta ramin da ya cusa waya. In duk wannan daidai ne, sai ya sa allon ya riƙa rubuto masa a kwamfuta abin da ya ke ciki. Nan ma akwai tarko: in allon na aikowa da saurin 9600, kwamfuta kuwa na saurare da 115200, ba abin da zai gani sai shirme. Ka'idar duka ɗaya ce, kada ka sake abu biyu lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ne ya yi maganin ba.

Yanzu ku faɗa mini, wannan ba shi ne aikin malami ba? Yaro ya yi lissafin rabawa ya sami amsa ba daidai ba. Malamin da bai ƙware ba ya ja masa jan layi ya wuce, ko ya ce da shi daƙiƙi. Gwanin malami kuwa ya kan bi layi-layi har ya gane inda yaron ya ɓata, watakila wajen ɗebewa ne, ba wajen rabawar ba. Wanda ya saba binciken waya da haƙuri, zai fi saurin binciken tunanin yaro da haƙuri.

Wani zai ce ina kuɗi, ina wuta? Gaskiya ne, kuɗi sun yi wuya. Amma allo ɗaya ya ishi mutum huɗu, kuma micro:bit da ƙananan batura biyu ya ke aiki, har da wayar hannu a na iya tura masa umurni. Wani kuma zai ce ai ɗalibai za su ƙona su. Lalle za su ƙona waɗansu, musamman in suka kai bolt 5 ramin Pico wanda ba ya ɗaukar fiye da 3.3. To, sai me? Allon da ya ƙone a hannun mai koyo ya biya kuɗinsa, wanda ya yi tsatsa cikin kabad shi ne hasara.

Saboda haka ga roƙona ga hukumar kwaleji. A sayi allunan, ko da goma ne, a riƙa ba da aronsu kamar littafin laburare. Ranar jarrabawa kuma kada a tsaya ga kallon abin da ɗalibi ya kawo a haɗe. Malami ya zare waya ɗaya, ko ya juya fitila, ko ya sake lamba cikin umurni, ya ce da shi, "To, nemo." Makin ya tafi ga yadda ya nema. Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, kada ku jira sai an sa cikin manhaja. Ku haɗa kai ku huɗu ko biyar, ku yi karo-karo ku sayi ɗaya. Gani ya kori ji, taɓawa kuwa ta kori gani.