Layin Ƙarshe na Handawut

Duk wanda ya zauna ajin bayoloji a makarantar nan ya san karatun da muke rerawa kamar 'yan firamare: furofes, metafes, anafes, telofes. Daga nan sai layi ɗaya a ƙasan handawut, wai sai ƙwayar halitta ta rabu gida biyu. Shi ke nan, a juya shafi. Ni ma haka na haddace, na juye a jarrabawa, na karɓi makina, na manta. Layin nan ɗaya ne ya kunyata ni, shi ya sa na ɗauki biro.

Lokacin SIWES na samu gurbi a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Gyadi-Gyadi, irin waɗanda ke cin albarkacin cunkoson Asibitin Malam Aminu Kano. Wata safiya aka kawo fitsarin wata mata. Na ɗora a maikuroskof, sai ga wasu abubuwa dogwaye, sirara, kamar an watsa taliya. Ban yi wata-wata ba na rubuta fungas, har ina jin kaina. Antin da ke kula da mu ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba, sannan ta ce, "Kai, a ina ka ga reshe? Je ka yi min rini." Na yi rinin Gram, abubuwan suka fito ja-ja. Da fungas ne da sun yi duhu, da sun fi haka kauri. Ta sa aka tambayi mai rakiyar matar ko ta sha wani magani. Ashe an sayo mata na kwana biyu a kemis, da ta ji dama-dama sai ta ajiye. Washegari abin da ya tsiro a faranti E. coli ne.

Anti ta ce min, "Bakteriya ce da ta kasa rabuwa." Na yi shiru, don ban taɓa tunanin rabuwa aiki ba ce da za a iya kasawa. Da takardata ta fita yadda na rubuta ta, da maganin fungas za a ba baiwar Allah, ciwon yana nan yana cin ta.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin layin nan. Tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta kitse ne ninki biyu, siririn da sai an jera dubbai kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Ba ya tsinkewa gida biyu don ganin dama, kuma in ya yage barkatai abin da ke ciki ya zube, ƙwayar ta mutu. Dole wani ya lanƙwasa shi, ya matse, ya yanke, ya liƙe bakin ba tare da ɗigo ya fita ba. Ku tuna mai ƙulla zoɓo a leda, amma a ce ƙulli ɗaya za ta mayar biyu hannunta bai jiƙe ba. Masu wannan aiki furotin ne.

A jikinmu, aktin da mayosin, dangin waɗanda ke motsa tsokar hannunka, su ke yin zobe a ƙugun ƙwayar daga ciki, su yi ta ja kamar zariyar wando har tsakiyar ta tsuke. Amma zariya ba ta yanka. Sai a bar wata 'yar siririyar gada tsakanin ƙwayoyin biyu. Nan wata ƙungiyar furotin da ake kira ESCRT ke zuwa ta nannaɗe a cikin wuyan, ta tsuke shi har ya tsinke. A 2001 aka fara gano ta a cikin yis. A 2007 masu bincike a Landan suka nuna cewa ita ke ƙarasa rabuwar ƙwayoyinmu, kuma wannan almakashin ne ƙwayar cutar HIV ke ara ta yanke kanta daga tantanin ƙwayar da ta kama, ta fita neman wata. Ɓarawo da kayan aikin mai gida. Wallahi da an faɗa mana haka a aji, ba wanda zai yi gyangyaɗi.

Ita bakteriya nata zoben daban ne, sunansa FtsZ. Erfei Bi da Joe Lutkenhaus ne suka nuna shi a tsakiyar E. coli a 1991, a Kansas ta Amurka. Da yake bakteriya tana da katanga bayan tantani, zoben ba matsewa kawai yake jagoranta ba, shi ke tara magina su gina sabuwar katanga daga gefe zuwa tsakiya. In ta samu abinci da ɗumi, cikin minti 20 ta gama ta zama biyu. To, magunguna irin su sefaleksin da ampisilin suna iya toshe maginin katangar tsakiyar. Sifro kuma yana lalata mata DNA, sai ita da kanta ta dakatar da zoben har ta yi gyara. Ko ta wace hanya, tana ci gaba da girma amma ba ta rabuwa, sai ta miƙe zarara. Taliyar da na gani ke nan. Abin tsoron shi ne, in maganin bai kai ya kashe ta ba aka janye shi, doguwar nan tana iya farfaɗowa ta yayyanke ta zama da yawa. Yanzu ku lissafa sau nawa mu kanmu muka sayi na ɗari biyar a kemis ɗin layinmu, muka sha kwana biyu muka ce mun warke.

Na san abin da wasu za su ce, don abokin zamana ya riga ya faɗa min: "Malam, difloma muke yi, ba Nobel muke nema ba. A ba mu takarda mu nemi aiki." Ban ƙi ta tasa ba, ni ma takardar nake jira. Amma aikin da za mu nema ɗin, ina yake? Mu ne za mu zauna a bayan maikuroskof a Tarauni da Hotoro da Unguwa Uku. Likita bai ga fitsarin ba, abin da muka rubuta yake gani. Mai hadda yana gane abin da ya yi kama da hoton handawut ne kawai. Ranar da abin ya sauya kama, kamar yadda ya sauya min, sai ya rubuta ƙarya da kyakkyawan rubutu, ya buga hatimi.

Ba ina cewa a sayo mana na'urar miliyoyi ba. Maikuroskof ɗinmu ba zai nuna FtsZ ba ko da an goge shi shekara guda. Amma ku gaya min, a cikinmu mutum nawa ne suka taɓa ganin ƙwayar halitta tana tsakiyar rabuwa da idonsu, ba zane ba? A ajinmu na tambaya, hannu biyu aka ɗaga, ɗaya ma a YouTube ya gani. Alhali abin da ake buƙata albasa ce, a ɗora gindinta a bakin kofin ruwa kwana uku ko huɗu ta fitar da saiwa, a yanke kan saiwar, a tausasa, a rina, a danne da gilashi. Ita ma tana da nata salon: tsiro ba ya ɗaura zariya, sabuwar katanga yake ginawa daga tsakiya zuwa gefe. Ko wannan bambancin kaɗai ya isa a yi musu a kansa awa guda.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu, masu girma kwamared-kwamared. Kuɗin da ake kashewa kan kanofi da DJ a makon ɗalibai, a tsakuro kaɗan a sayi rini da gilasai. A roƙi shugaban sashe ya ba mu ɗakin gwaji Asabar ɗaya a wata, a gayyato ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibanmu da ke aiki a ɗakunan gwajin garin nan ya zo da abin da ya taɓa ruɗa shi. 'Yan shekarar farko su fi kowa zuwa, tun kafin a tura su SIWES.

Albasa dai na riga na sayo uku a kasuwar Tarauni, suna kan tagar ɗakinmu a cikin kofi. Mama ta tambaye ni sau biyu ko lafiyata ƙalau. Zuwa Asabar saiwar ta isa yanka, saura mabuɗin ɗakin gwaji.